Yadda Ake Shirya Farauta da Ɗan Jagora a Dazuzzukan Arewacin Maine

Duk shekara idan kaka ta kama, ganyen itatuwa ya fara rikiɗa zuwa ja da rawaya, sai wayata ta fara ƙara. 'Yan'uwa mazauna Amurka, wasu daga Bronx a birnin New York, wasu daga can kudu, tambayarsu ɗaya ce: wai da gaske baƙo zai iya shiga daji da bindiga ya harbo nama ba tare da ya shiga hannun hukuma ba? Zai iya. Amma wanda ya kira ni a watan Satumba yana son harbin babbar dabba a wannan shekarar, ya makara. Shirin yana farawa ne tun cikin hunturu. Zan bi da kai hanyar daki-daki, yadda na san ta a jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, bakin iyaka da Kanada.

Da farko ka san abin da kake nema

Dabbobi uku ne manya a wannan daji. Akwai mus, wanda shi ne sarkinsu. Ka ƙaddara gwanki ne da ya fi doki tsayi, baƙi-baƙi, da doguwar fuska da leɓe mai rinjaye, namijin kuma da ƙaho mai faɗi kamar faifai mai yatsu. Ƙosasshen bijimi yakan kai kilo 450 ko fiye. In ka ɗebe Alaska, babu jihar Amurka da ta kai Maine yawan mus. Sai barewa mai farin bindi, sai baƙin beyar. A tsuntsaye kuma akwai girawus, wadda ta yi kama da makwarwa, da wudkok, ɗan ƙaramin tsuntsu mai dogon baki da ke caccakar laka yana neman tana.

Shawarata ga wanda bai taɓa zuwa ba, ya fara da tsuntsaye. Babu ƙuri'ar neman izini, kuɗin da sauƙi, kuma a kwana uku za ka koyi daji da bindiga da halin ɗan jagora fiye da abin da za ka koya a mako guda kana dakon babbar dabba. Ana buɗe farautar girawus ranar Asabar ta ƙarshen Satumba, ta kai har ƙarshen Disamba, amma Oktoba ce zuciyarta, lokacin da ganye ya zube ana hango tsuntsu idan ya tashi, wudkok kuma suna ratsowa daga Kanada za su kudu.

Barewa sai Nuwamba. A arewa ba su da yawa, sai dai manya ne, kuma bin sawunsu ake yi a cikin dusar ƙanƙara daga asuba har magariba. Aikin masu ƙarfin ƙafa ne. Beyar kuwa ana fara shi ƙarshen Agusta, galibi a ajiye masa abinci mai zaƙi a ganga, maharbi ya hau wani ɗan dandamali a kan itace ya yi kwanto. Sau biyu, a 2004 da 2014, aka kai batun hana wannan dabara gaban masu zaɓen jihar, sau biyun suka ƙi hanawa. Ni dai ba na zuwa. Yawancin malamai sun haramta cin dabba mai fiƙa, a Malikiyya ma makaruhi ne, kuma raina bai kwanta da kashe abin da ba zan ci ba.

Takardu

Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ita ke ba da lasisi, kuma ta intanet ake saye. Kafin a sayar maka sai ka nuna shaidar ka yi kwas ɗin kiyaye haɗarin farauta, ko ka taɓa riƙe lasisin farauta na manya a wani wuri. Kwas ɗin ba wuya, kowace jiha tana yi, kuma Maine tana karɓar takardar wata jihar. Ka yi shi tun da wuri, kada ka bari sai kwanaki sun ƙure.

Wanda yake Amurka da bizar ziyara ko ta karatu ya buɗe kunne a nan. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga, sai in yana da ingantaccen lasisin farauta. Wato lasisi ne farko, taɓa bindiga daga baya, ko da ta aro ce. Kada wani aboki ya ce maka ba komai. Akwai komai, kuma zamanka a ƙasar ne a kan faifai.

Mus ba ya samuwa da lasisi kaɗai, sai da takardar izini ta musamman wadda ake rabawa ta hanyar ƙuri'a. An sake buɗe farautarsa a 1980 bayan shekaru da dama a rufe, kuma tun daga nan masu nema sun ninka takardun da ake da su. Ana rufe karɓar sunaye a tsakiyar Mayu, a fitar da waɗanda suka dace a Yuni. Kason waɗanda ba mazauna jihar ba bai wuce ɗaya cikin goma ba, saboda haka mutum yakan yi shekaru yana nema. Duk shekarar da ka nema ba ka samu ba ana ƙara maka maki, shi ya sa ba a tsallake shekara. A fom ɗin za ka jera yankunan da kake so da makon da kake so, kuma za ka iya sa sunan abokin farauta guda. Ku biyu kowa na iya harbi, amma dabba ɗaya ce taku. In Allah ya ba ka, sai ka jira shekara uku kafin a sake ba ka wata.

Kafin ka cike yankuna, ka tambayi ɗan jagoran da kake sa ran ɗauka. In ƙuri'a ta jefa ka yankin da ba ya aiki, ka koma neman wani daga farko.

Zaɓen ɗan jagora

Nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Tun 1897 Maine take yi wa 'yan jagora rajista, kuma lasisi na farko mace aka ba, Cornelia Crosby. Har yau ba a zama ɗan jagora sai an ci jarrabawa, har da ta baka, inda ake gwada mutum a kan taswira da kamfas da yadda zai nemo wanda ya ɓata a daji. Lasisin kashi-kashi ne, na farauta daban, na kamun kifi daban. Ka tabbata naka na farauta ne.

Kada ka tsaya a hotunan Facebook. Kowa manyan ƙahoni yake sawa. Ka kira shi, ka ji muryarsa, ka yi tambayoyi ba kunya. Mutum nawa yake ɗauka a mako, kuma shi da kansa zai fita da kai ko wani yaronsa? Kuɗin ya haɗa da masauki da abinci da man mota da kuɗin shiga daji? Wa zai fito da dabba daga daji, da wane kayan aiki? Akwai ɗakin sanyi ko mahauci a kusa? In kai ka fasa, ina makomar kuɗin kafin alƙalami? Sannan ka ce ya ba ka lambar mutum biyu da suka je bara, ɗaya wanda ya samu, ɗaya wanda ya dawo hannu rabbana. Maganar na biyun ta fi amfani, domin shi zai gaya maka ko ɗan jagoran ya ci gaba da ƙoƙari har ranar ƙarshe. Wanda ya yi maka alƙawarin lallai sai ka kashe, ka rabu da shi. Maharbin ƙwarai ba ya rantsuwa a kan naman da ke daji.

Makon mus da ɗan jagora dubban daloli ne. Tsuntsaye kuwa ana biya ne kwana-kwana. Duk abin da kuka yi yarjejeniya a kai ya zama a rubuce. Ka kuma ware tukuici na ƙarshen mako, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ka tuna da kuku.

A wannan wayar ta farko ce za ka faɗi addininka, ba sai ka isa ba. Abincin waɗannan masaukai na masu aikin ƙarfi ne, kuma alade yana cikinsa ta inda ba ka zata. Wake da ake dafawa a tukunyar ƙarfe cikin rami, wanda mutanen Maine ke alfahari da shi, da kitsen alade ake yin sa. Ƙwan safe ma a kaskon da aka soya naman alade ake fasa shi. In ka faɗa da wuri, kuku zai ware maka kasko, ya yi maka kifi da ƙwai da dankali, ko ka kai naka naman halal a akwatin ƙanƙara. Ban taɓa samun wanda ya ɓata fuska a kan wannan ba. Abin da ba sa so shi ne a zo musu da magana bagatatan alhali kasuwa tana nisan awa biyu.

Bindiga da sutura

Ga mus da barewa, bindiga mai harsashi .30-06 ko .308 ta wadatar. Ga tsuntsaye kuwa bindiga mai watsa ƙwaya, lamba 12 ko 20, da ƙananan ƙwayoyi masu lamba 7 da rabi. In wudkok za ka harba, dokar tarayya ta ce kada bindigar ta iya ɗaukar harsashi fiye da uku. Ka shafe watanni kana zuwa filin koyon harbi, kuma kada ka saba da harbi a kan tebur kawai. Ka koyi harbi a tsaye, da durƙushe, da jingina a sanda, daga nisan yadi 50 zuwa 150. In jirgi za ka hau, bindiga ba harsashi a ciki, a akwati mai tauri da kwaɗo, ka sanar da ma'aikata a wurin auna kaya. Ranar da ka isa masauki ka sake gwada saiti, don jijjigar hanya tana gusar da shi.

Sutura kuma, ka guji auduga. Tana jiƙewa da gumi ta riƙe sanyi. Ulu ake so, hawa-hawa, yadda za ka tuɓe ɗaya idan rana ta ɗaga. Takalmi mai hana ruwa wanda ka riga ka saba da shi, safa da yawa, rigar ruwa, safar hannu, fitilar goshi, ashana, kamfas, da wuƙa mai kaifi wadda ba za ta bar ƙugunka ba. Dole ne ka sa tufa mai launin ruwan lemo mai ƙyalli don sauran maharba su gan ka: guda ɗaya a yankin da ake farautar mus, guda biyu, hula da riga, a lokacin barewa. Ni biyun nake sawa kullum.

Hanya

Babban titi mai lamba 95 zai kai ka Bangor, daga nan ka yi arewa. Garuruwan bakin daji su ne Millinocket da Ashland da Portage da Fort Kent, ko Greenville a bakin tafkin Moosehead. Bayansu sai abin da ake kira North Maine Woods, daji mai faɗin eka miliyan 3 da rabi, mafi yawansa mallakar kamfanonin katako da iyalai masu zaman kansu. Akwai shingaye inda ake rubuta suna a biya kuɗin shiga. Hanyoyin tsakuwa ne, kuma na motocin gungume ne. In ka hango ƙurar ɗaya, ka sauka gefe ka tsaya cak, domin ba ta iya taka birki saboda kai. Ka cika tanki, ka ɗauki tayar ajiya biyu, ka sallami iyali kafin shinge don sabis ɗin waya yana ɗaukewa. Ba a farauta ranar Lahadi a Maine, shi ya sa ake isa ranar Lahadi a fara Litinin.

Doka ta yarda a yi harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, ban da wudkok, wanda ake daina harbinsa da faɗuwar rana. Wato asuba za ta same ka a hanya ko a bakin daji. Ka yi alwala tun a masauki, ka gaya wa ɗan jagora kana buƙatar minti biyar. Alƙibla daga can tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa.

Ranar tsuntsaye

Iri biyu ne. Wasu suna bin hanyoyin katako a mota a hankali, in sun ga girawus ta fito tsintar tsakuwa su sauka su ɗura bindiga su harba. A mota dai bindiga ba harsashi. Ɗayan kuma, wanda na fi so, shi ne bin kare a ƙafa. Karen yana da ƙararrawa a wuya, yana kai da kawowa cikin ƙananan itatuwa masu cunkoso inda aka sare daji shekarun baya. Kana tafe kana jin ƙararrawar, sai ka ji tsit. Ya sansano tsuntsu ya ƙame, ƙafa ɗaya a ɗage, bindi a miƙe. Ɗan jagora zai nuna maka ta inda za ka shiga. Ka wuce karen, bakin bindiga sama, yatsa nesa da kunama. Tashin girawus kamar an buga ganga a ƙarƙashin ƙafarka ne, kuma kafin ka ƙirga biyu ta sa itace tsakaninku. Ba a harbin tsuntsun da ya tashi ƙasa-ƙasa, don kare yana can. Kafin kowane harbi ka san inda ɗan jagora yake.

Huɗu ne iyakar girawus a rana, wudkok uku. Akwai wata 'yar'uwar girawus da ke zama cikin itatuwan sifurus masu ganye kamar allura, ba ta da tsoro, namijin da ja a saman ido. Haramun ne harbinta a Maine. Ka duba bindi: wadda aka halatta tana da baƙin zobe kusa da ƙarshen bindinta. In kana shakka, ka bari.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Ka yi bismilla lokacin da za ka danna kunama. In harsashi ya kashe tsuntsun nan take, malamai da yawa, har da Malikawan baya, sun ce ya halatta. In kare ya kawo shi da sauran rai, sai yanka. Su kuwa al'adarsu murɗe wuya suke yi, kuma hannunsu ya saba, ba sa ko tunani. Ranata ta farko kare ya kawo girawus tana fuffuka, ɗan jagora ya karɓa, yatsunsa har sun kama wuyan. Na ce masa don Allah ya tsaya. Ya miƙo mini, na fuskanci gabas na yanka a kan wani ruɓaɓɓen gungume mai gansakuka. Da muka zauna cin abincin rana ya tambayi dalili, na bayyana masa. Daga nan duk tsuntsun da ya zo da rai, ni yake miƙo wa ba sai na yi magana ba. Ka yi wannan bayanin tun daren Lahadi. Ka kuma zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka hukuncin farauta da kare da bindiga.

Makon mus

Kwana shida ne, Litinin zuwa Asabar, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Na farkon yana dacewa da lokacin barbara, don haka kira ake yi. Tun da duhu za ku ajiye mota nesa, a rufe ƙofa a hankali, ku taka zuwa bakin wani fili da aka sare ko gefen fadama. Abu na farko iska. Mus ba ya gani sosai, amma hancinsa da kunnensa ba a yaudararsu, saboda haka iska ta riƙa kaɗowa daga wajensa zuwa wajenku. Ɗan jagora zai sa wani mazurari na ɓawon itace a baki ya yi kukan mace, dogo mai rawa, sannan ya yi shiru. Wani lokaci ya goga filafilin kwalekwale a jikin reshe kamar wani bijimi yana wasa ƙaho. Sai jira. Minti ashirin, rabin awa, raɓa ta daskare a kan ciyawa, yatsun ƙafa sun mutu. In bijimi ya amsa za ka ji wani gurnani gajere daga ƙirji, sai karyewar rassa. Kada ka motsa, kada ka yi magana.

Takardarka ta faɗi ko namiji aka ba ka ko mara ƙaho. Ka ga dabbar gaba ɗaya, ka ga abin da ke bayanta, ka jira ta ba ka gefe. Bayan kafaɗa ake sawa, cikin huhu. Bismilla, ka danna a hankali, ka sake ɗurawa nan da nan. Mus yakan tsaya kamar ba a same shi ba. In yana tsaye ka ƙara. Kada ka harbe shi a cikin ruwa ko tsakiyar fadama, don fito da kilo 400 daga laka aikin yini ne. In ya faɗi, ka tunkare shi ta baya. Ƙafarsa tana kashe mutum. In da sauran rai, kada ka kai wuƙa sai ya daina shure-shure, kuma ku riga ku yi magana da ɗan jagora cewa harbin ƙarasawa naka ne.

Daga nan aiki ya fara. Ka ɗaura alamar da ke ɗauke da sunanka da lambar lasisi kafin a motsa shi. A farke ciki a fitar da kayan ciki ba ɓata lokaci, a tokare haƙarƙari da sanda iska ta shiga. Ƙarshen Satumba rana takan yi zafi, kuma fatar mus bargo ce, naman yana iya lalacewa cikin sa'o'i. Ku tanadi buhunan ƙanƙara a cusa a ƙirji. In kusa da hanya ne a ja shi da igiya da injin ja, in da nisa a yanka shi gunduwa-gunduwa a goyo. Doka ta ce a kai shi tashar rajista ta farko da ke buɗe a hanyarka. A can za a sa masa hatimi, a cire haƙori ɗaya don gane shekarunsa. Da irin wannan bayanin ma'aikata ke lura da garken, musamman yanzu da kaskar hunturu take kashe 'yan maruƙa da yawa.

Mu mutanen hanta da ƙoda ne, amma hukumomin jihar sun yi gargaɗi kada a ci hanta da ƙodar mus saboda wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, da ke taruwa a cikinsu. Zuciya da harshe ka ɗauka. In mahauci za ka kai wa, ka ce kada ya haɗa kitsen alade a niƙaƙƙen nama, don haka suke yi in ba a hana su ba, kuma ka roƙi ya wanke injin ya fara da naka. Bijimi guda yakan ba da nama fiye da kilo 150, saboda haka ka sayi firiza kafin ka bar gida, ka taho da manyan akwatunan ƙanƙara. Abin da ya fi ƙarfinka, jihar tana da shirin karɓar naman farauta don raba wa mabuƙata, ɗan jagora ya san mahautan da ke karɓa. Naman ba shi da kitse, yana son wuta a hankali. Cinya tana yin kilishi mai kyau, wuya da ƙafa kuma farfesu. Ka ware kason maƙwabta da na masallaci tun a wajen mahauci, a ƙulla shi daban a rubuta a jiki, kafin a loda mota.